Jinkar Barau

Duk wanda ya ce maka mutanen Kafin Badaru ragwaye ne, ka ce masa ni Sabo na ce ƙarya yake yi. Daga Birnin Kudu har Gwaram babu garin da ya kai mu son aiki. Ka miƙa wa mutumin garinmu fartanya ka nuna masa wuri, sai ka zo ka riƙe hannunsa kafin ya daina. Ba lalaci ne ya raba mu da siton taki ba. Barau ne, kuma har gobe ina jin haushinsa.

Barau maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya taɓa zama a Kano, ya yi masinja a wani ofis da ake ce wa na tsare-tsare. Aikinsa goge tebur da sayo wa akawu goro, amma da ya dawo gida sai ka rantse shi ya zana Kano da hannunsa. Ya zo da tabarau, da biro a aljihun gaba, da wata kalma da ba ta barin bakinsa, wato tsari. In ka gaishe shi kana hanyar gona, sai ya bi ka da kallon tausayi.

"Ku dai tunaninku bai wuce kunyar da kuke nomewa ba," in ji shi. "Ni kuwa in na dubi garin nan, shekara ashirin nake hangowa a gaba."

Matarsa Batulu ta taɓa ce masa in zai dawo daga shekara ashirin ɗin ya biyo ta kasuwa, babu gishiri a gidan.

A shekarar da kuɗin man fetur ya yi yawa har gwamnati ta tuna da manoma, malamin gona, Malam Abdulsalami, ya zo daga Birnin Kudu a kan babur. Dagacinmu Maikano ya tara mu a ƙofar gidansa. Malam ya ce za a ajiye siton takin zamani guda ɗaya a yankinmu, kuma mu aka fara dubawa, saboda muna bakin hanya, ga kuma tsohon ɗakin awon gyada a gefen kasuwa. Tun da gyada ta mutu aka bar ɗakin, iska ta kwashe kwanon, amma bangon na nan da ƙarfinsa.

"Rufi kawai nake so," in ji Malam Abdulsalami. "Taki ba ya shiri da ruwa, in ya jiƙe narkewa yake yi. Ranar da na zo da mota, in na tarar da rufi in sauke muku. In ban tarar ba, mutanen Dingaya suna da ɗaki."

Dingaya kuwa daga garinmu wuni guda ce a kan jaki, zuwa da dawowa, kuma a tsakiyar damina akwai rafin da jaki ba ya so.

Dagaci ya ce abin mai sauƙi ne, a jera gora a kan bangon, a shimfiɗa zana, a bi da ciyawa, kafin Juma'a an gama. Har mutane sun fara neman takalmansu, sai Barau ya miƙe ya cire tabarau.

"Ranka ya daɗe, irin wannan ƙaramin tunanin ne ya hana mu ci gaba. Gora da zana sai ka ce turken awaki? Jinka za a yi, wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Duk motar da ta wuce sai fasinja sun leƙo. Manya za su tambaya wane gari ne wannan. Daga sito sai asibiti, daga asibiti sai tasha, daga tasha sai gidan mai."

Duk garin babu mai mota, amma maganar gidan mai ta shige mu.

"To ta ina za a fara?" in ji Dagaci.

"Tsari nawa ne, ranka ya daɗe, a bar mini. Su dai su kawo ciyawa."

Na ji yadda taron ya sauke numfashi. Ciyawa kowa ya san inda take.

Ga wanda bai sani ba, jinka a ƙasa ake haɗa ta. A kafa tsaiko, wato ƙashin rufin, a ɗaure shi da igiya, sannan a kira maza su ɗaga su ɗora a kan ɗaki. Kowa a gindin ɗakin yake haɗa tasa. Barau ya kafa tasa a tsakar gidansa, don a nan inuwar darbejiya take, ga kuma randa kusa.

Aka raba aiki. Manu, mai shanun bayan gari, shi ne da yankan shuci, ciyawar jinka. Wasu saran gora, wasu yanta ciyawa. Ni aka ba tufkar igiyar rama, kuma ina so a sani tun yanzu, a duk abin da ya faru igiyata ba ta tsinke ba.

Kullum da safe Barau zai fito da kujera ya ajiye a gindin darbejiya, ya ce kada wanda ya yi masa magana, zai shiga tsari. Sai ya ɗaga kai sama, ya haɗa gira, ya ɗora biro a kan leɓe. Kafin Batulu ta gama dama fura, idonsa ya faɗa kan wani ƙulli da ya karkace.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Sai ya tashi ya kwance ya sake ɗaurawa. Daga wannan ƙulli sai na kusa da shi, har a kira azahar. Da yamma ya zauna yana murza tafin hannu, yana cewa yau kam an yi aiki. Kuma an yi ɗin. Igiya in ka tufka kamu goma, ga kamu goma a gabanka kowa na gani. Tunani kuwa ka wuni kana yinsa, ba ka da abin da za ka nuna wa matarka.

Jinka ta yi ta girma. Ta cinye wurin turmi, ta cinye akurkin kaji, har sai da Batulu ta koma tana zagayawa ta jikin bango in za ta madafa. Wata rana ta tsaya da tulu a kai, ta dubi jinka, ta dubi ƙofar zaure, ta dubi mijinta.

"Malam, ta ina za ta fita?"

"Wannan ƙaramar magana ce, tana cikin tsari."

"To tsarin ta ina zai fita?"

"Batulu, masu aiki na jin ƙishirwa."

Ta tafi ɗebo ruwa. Mu da muka ji tambayar muka sunkuyar da kai, kowa ya ƙara wa hannunsa sauri.

Manu ma ya taɓa soma irin wannan tambayar. Ya ajiye damin shuci, ya sosa ƙeya, ya ce, "Barau, ɗakin can na kasuwa, kamar dai dogo nake ganinsa, ita kuwa wannan…"

"Manu, shucin nan ba zai kai ba."

"Ba zai kai ba?" Fuskar Manu ta washe. Ya ɗauki laujensa ya fita har yana waƙa.

Dagaci da kansa ya zo duba aiki. Ya zagaya jinka, ya tsaya, ya buɗe baki, kuma na rantse da tambaya ya buɗe shi. Barau ya riga shi. Ya ce akwai shawarar da sai babba, me za a kafa a ƙololuwa don ado, kwalba ko ƙaramin tulu? Dagaci ya sa aka kawo duka biyun. Ya wuni yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, daga ƙarshe ya zaɓi koriyar kwalba, ya koma gida da nishaɗin wanda ya yanke babbar shari'a.

A al'ada sai tsaiko ya hau ɗaki ake baibaye shi da ciyawa, don kada ya yi nauyi. Barau ya ce wannan tsohon yayi ne, a gama komai a ƙasa yadda ido zai ga kowane layi. Aka baibaye ta har hawa uku. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mata daga unguwanni suna zuwa kallo.

Hadari ya fara haɗowa a gabas da yamma-yamma, sai Malam Abdulsalami ya aiko cewa ranar kasuwa yana tafe da motar taki. Barau ya kira gayya. Tun da hantsi maza suka cika gidansa, ga makaɗi da gangar noma, ga ƙoren fura a jere. Muka kewaye jinka, aka yi bisimilla, muka ɗaga. Muka taka zuwa zaure. Ƙofar zauren Barau, jaki in an ɗora masa mangala sai ya karkata yake shiga.

Muka tsaya da jinka a kafaɗa, kowa na kallon ƙofar.

"A karkata ta," in ji Barau.

Aka karkata. Ƙofar ba ta ƙara faɗi ba.

Wani ya ce a rushe zauren. Barau ya ce ba a taɓa zaure, nan ne manyan baƙi za su riƙa sauka in gari ya bunƙasa. Ya juya ya dubi katangar da ke tsakanina da shi.

"Barau, kada ka soma," na ce.

"Sabo, katanga mece ce a kan gidan mai?"

Ban gama ba shi amsa ba na ji dukan diga. Mutanen da suka gaji da tsayuwa suna kallon ƙofa sun sami abin yi. Kafin in kai wurin har sun buɗe hanya, suna gyara gefen da kyau kada ya kama ciyawa. Aka shigo da jinka gidana, aka ajiye ta a kan barkonon matata.

To nawa zauren ma bai kai na Barau ba.

Katanga ta gaba ta Inna Hajjo ce, tsohuwar da ko Dagaci sai ya shirya yake gaishe ta. Muka tarar da ita zaune a gindin katangar, taɓarya a kan cinya.

"Inna, barka da hutawa," in ji Barau. "Wucewa kawai za mu yi."

"Ta ina?"

"Ta nan inda kike zaune."

"Ɗan nan, ni na yanke maka cibiya. Kada ka sa in yi da-na-sani."

Barau ya tsuguna ya fara mata bayanin asibiti da tasha da gidan mai. Ta ce ita fitilarta ta man gyada ce. Ya ce ta dubi shekara ashirin masu zuwa. Ta ce shekara ashirin masu zuwa tana kushewa, ya je can ya yi mata bayanin. Sai da Dagaci ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa za a mayar mata da katangarta kafin Juma'a, sannan ta ja tabarmarta gefe, ta nuna inda za a fasa, wurin da ruwan bara ya riga ya ci. An mayar mata kuwa, sabuwa fil. Tawa har yau zana ce.

Bayan gidan Inna Hajjo fili ne. Kafaɗu sun yi tsami, Barau ya ce ɗauka aikin marasa tsari ne, a Kano duk abu mai nauyi mirgina shi ake yi. Muka kwantar da jinka a gefenta muka tura. Ta tafi sumul, muna binta da gudu, makaɗi ya ƙara wuta. Sai dai abu mai tsini a kai da faɗi a gindi ba ya tafiya miƙe. Ta yi kwana a hankali, ta zagaye tsininta, ta dawo daidai inda muka fara, ta tsaya a gaban Inna Hajjo.

"Har kun dawo?" in ji ta.

Barau ya ce an tura ta ta gefen da bai dace ba ne, a juya. Muka tura ta ɗaya gefen. Ta sake dawowa.

Aka koma ɗauka. Wannan karon muka shiga ƙarƙashinta gaba ɗaya don nauyin ya rabu. Ciyawar Manu ta sauko mana har gwiwa, ciki duhu, ba ka ganin komai sai ƙafar na kusa da kai. Barau ya ce dole mai hangen nesa ya kasance a sama, ya kama igiya ya haye ƙololuwa ya rungume kwalbar Dagaci. Shi ma ba ƙaramin mutum ba ne.

"Ku yi dama," ya ce daga sama.

A ciki a kewaye muke, kowa na fuskantar tsakiya. Kowa ya yi damarsa, jinka ta fara juyawa a wuri ɗaya.

"Ba haka ba. Ku yi gabas."

Muryar Manu ta fito daga cikin ciyawa. "Barau, nan ciki babu gabas."

Allah ya taimake mu makaɗin ya ji yunwa, ya kama hanyar kasuwa yana kaɗa gangarsa, mu kuma muka bi sautin. Haka muka shiga kasuwar Kafin Badaru a ranar cinta, jinka mai ƙafafu barkatai da mutum a kanta yana nuna hanyar da ba wanda ke gani. Muka bi ta kan tukwanen wata mata, muka ɗauke rumfar mai tsire muka tafi da ita. Mutanen ƙauyuka suka bar ciniki suka biyo mu. Wani Bafulatani ya tsaya ya yi mata sallama.

Motar taki na tsaye a gaban ɗakin awon gyada, buhuna jibge an rufe da tamfol. Malam Abdulsalami na zaune a inuwar motar. Da ya hango mu, ya miƙe tsaye.

Da gora, da igiya, da kafaɗun 'yan kasuwa da suka shigo taimako ba a gayyace su ba, aka cicciɓa jinka aka ɗora. Ta zauna. Muka ja da baya muna share gumi, sannan muka ga abin da kowa ke wucewa ta gabansa tun yana yaro. Ɗakin awon gyada dogo ne siriri, mai kusurwa huɗu. Jinkar Barau kuwa zagayayya ce. Ta rufe tsakiya, ta zubo ta gefe da gefe har ta toshe ƙofa, kai da gindin ɗakin kuma suna kallon sama.

Malam Abdulsalami ya leƙa ta taga, ya ɗaga kai ya ga gajimare.

"Malam Barau, ka auna kuwa?"

"Sosai. Babu gorar da ban auna ba."

"Ɗakin nake nufi."

"Ɗakin ai yana nan, Malam, ba inda za shi. Jinkar ce ake yi."

"Yanzu ina zan sa taki?"

"A tsakiya."

"Ta wace ƙofa?"

Barau ya gyara tabarau. Mutanen gari huɗu na kallonsa, ga Batulu a cikin mata ta rafka tagumi. Ya ce ai matsalar ba ta jinka ba ce, ɗakin ne aka gina ba bisa tsari ba. In aka ɗan rage kusurwoyin nan ya zama zagayayye, shi ke nan.

Malam Abdulsalami ya ɗaga hannu zai yi magana, amma masu diga hannunsu ya riga ya saba tun safe. Kusurwa huɗu, ga su a fili, kowa ya san inda zai sara. Ban taɓa ganin aiki mai sauri da haɗin kai irin wannan ba. Da kusurwa ta uku ta tafi, dogon bangon ya yi wata ƙara, ya kwanta waje, ɗan'uwansa ya bi shi. Jinka ta sauko ta zauna daram a ƙasa, ko ciyawa ɗaya ba ta zube ba.

Ƙura ta lafa. Barau ya ce a lura, kwalbar ba ta fashe ba.

Malam Abdulsalami mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi Dagaci.

"Ranka ya daɗe, ba na so in wuce da takin nan. Zan je in yi la'asar. Kafin in dawo ku zauna ku yi shawara, ko akwai wani ɗaki a garin nan mai rufi da ƙofa inda zai kwana. Ku faɗa mini sunan ɗakin kawai, in sauke. In babu, dole in kai Dingaya kafin hadarin can ya iso."

Dagaci ya sa muka zauna a gindin tsamiyar kasuwa. Ya ce a ajiye diga, a ajiye igiya, kowa ya ɗora hannunsa a cinya. Yau ba aiki za a yi ba, tunani za a yi.

Muka zauna. Ban san zama na da nauyi haka ba. Manu ya ɗauki tsinke ya fara sakace, Dagaci ya harare shi, ya yar. Wani ya fara gyara zaren hularsa, aka harare shi. Na dubi hannuwana a kan cinya, sai na ga kamar na wani ne aka ba ni ajiya. Ɗakuna kuwa ga su nan cike da gari, amma in ka kama ɗaya a ranka sai ka tuna mai shi, da kayan da ke ciki, da inda za a kai kayan, da abin da matarsa za ta ce, sai kanka ya fara sarawa.

"Barau," in ji Dagaci, "kai ne mai tsari."

Barau ya miƙe, ya yi gyaran murya. "Abin da ya kamata mu duba, ranka ya daɗe, in muka ɗauki al'amarin gaba ɗayansa, tun daga tushe…"

Ya tsaya. Muka jira. Idonsa ya wuce kanmu ya sauka a kan jinka.

"Akuyar wa ce waccan?"

Muka juya. Wata jar akuya ta ɗora ƙafafun gaba a kan jinka tana zarar shuci.

Ban ga wanda ya fara tashi ba, na dai tsinci kaina ina gudu. Akuya ta yi cikin rumfuna, muka bi ta. Ta ɓulla ta mahauta, ta tsallake kwata, ta nufi gonakin bayan gari. Dagaci ya tsaya shi kaɗai a gindin tsamiya yana kiran a dawo, a dawo, sai kuma muka ji muryarsa a bayanmu yana cewa a tare ta ta wajen rijiya. Akuyar nan ta san gari. Sai da muka kai ta har bakin fadama sannan Manu ya yi tsalle ya kama ƙafarta.

Muna dawowa ana ta mayar da yadda aka yi, Barau na riƙe da kunnenta yana bayanin cewa ba don ya tsara a kasu biyu ba da ta tsere. A bakin kasuwa iska mai sanyi ta buso. Inda motar ta tsaya babu komai sai sawun taya, ya miƙe ya hau hanyar Dingaya.

Batulu na tsaye a wurin da sauran mata. Ta ce Malam ya dawo daga masallaci, ya zauna a gindin tsamiya ya jira, har ya tambaye ta ko shawarar ce aka tafi yi a fadama.

Tun daga wannan damina, duk mai son taki a Kafin Badaru sai ya ɗaura wa jaki mangala ya tafi Dingaya, ya tsallake rafin nan, ya bi layi a bayan mutanen da ke tambayarsa lafiyar jinka. Ni da ƙafata na yi wannan tafiya har gwiwata ta gaji.

Akuyar kuwa, da aka bincika, ta Barau ce.